Layi Uku a Bayan Sa Hannu

Delbert Kuzma ya yi shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu gida-gida a garin Ashtabula, kuma zan iya rantsuwa bai taɓa leƙa ambulan ɗin mai rai ba. Na matattu ya sa a gaba. Mun san juna ne a kasuwar tsofaffin takardu da ake ci a zauren coci ranar Asabar ta farkon kowane wata, teburinsa a jikin nawa. Ni katunan hoto da kan sarki nake sayarwa. Shi kuma wai wasiƙun marubuta da na masu buga littattafai yake sayarwa, amma a shekara ashirin da muka yi kafaɗa da kafaɗa, abin da na ga ya bar teburinsa bai fi a ƙirga da yatsu ba. Da mutum ya ɗaga takarda sai Del ya fara ba shi tarihinta, wa ya rubuta, wa ya karɓa, me aka ci a gidan ran nan, har mutumin ya gaji ya ajiye ya yi gaba. Ya sha faɗa a wurina kan wannan, bai taɓa gyarawa ba.

Dogon mutum ne, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka saboda jakar aiki. Ubansa a tashar jiragen ruwa ya ƙare rayuwarsa yana sauke tama, ko sunansa da kyar yake rubutawa. Del da kansa bai wuce sakandare ba. Da kan sarki ya fara, kamar yawancinmu. Wata rana ya sayi kwali guda a gwanjon kayan wani mamaci don kawai ya ciro kan sarkin da ke jikin ambulan, ya zauna a kicin ya buɗe ɗaya don ya ga ko babu komai a ciki. Matarsa Irene, Allah ya ji ƙanta, ta ce abincinsa ya huce a gabansa ran nan, kuma tun daga lokacin ba ta sake samun hankalinsa gaba ɗaya ba.

Wasiƙun wata mata ne mai suna Lavinia Roark, zuwa ga Ambrose Tilden, mai kamfanin buga littattafai a Boston. Littafi biyu ta rubuta wajen shekarar 1890, babu mai karanta su yanzu. Na karanta ɗaya don ya shafa mini lafiya, kuma gaskiya ban ga abin da ya gani ba. Amma wasiƙunta daban ne, wannan na yarda. Mace ce mai baki. Tana yi wa Tilden tsiya kan bangon littafi, tana ba shi labarin kajinta da ciwon haƙorinta, tana roƙonsa ya daina cire mata waƙafi. Da kamfanin ya rushe aka sayar da takardunsa buhu-buhu, suka watsu ƙasar nan. Del ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk hutun da Irene ta yi a duniya a mota ta yi shi, daga wannan kasuwar takarda zuwa waccan, tun daga Maine har Iowa. A shekara talatin ya haɗa ɗari da sittin da uku, nata da na Tilden, ya jera su bi da bi har mutum zai iya karanta hirarsu daga gaisuwar farko.

Matsalar a ta ƙarshe take.

Kakanninmu suna da wata ɗabi'a da har yau in na tuna raina ke ɓaci. In wasiƙar wani mai suna ta shigo hannunsu, ba ruwansu da abin da ya faɗa. Almakashi suke ɗauka su yanke sa hannun, su manna a kundi kusa da na wasu, su yi ta nuna wa baƙi a falo. Wasiƙar kuwa a bar ta da taga a jiki, in ma ba a hura wuta da ita ba. Mutanen kirki ne fa, masu zuwa coci, likitoci da matan alƙalai. Wani a ofishin Tilden ya yi wa wasiƙar Lavinia ta ƙarshe wannan aika-aikar.

Abin da ya faru kafin wasiƙar shi ne, Lavinia ta gama littafi na uku, Tilden ya ce ya fi na baya nesa ba kusa ba, har an fara jera haruffa. Kwatsam ta ce a tsaya, a dawo mata da rubutunta. Ya rubuta sau huɗu yana tambayar dalili. Amsarta takarda ɗaya ce, gaba da baya, da wata tawada mai launin shunayya da ta koma amfani da ita a shekarun ƙarshe. A ƙasan shafin farko ta ce: "Ka tambaye ni dalili sau huɗu. Zan faɗa maka sau ɗaya, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba." Daga nan sai taga. Sa hannunta yana ƙasan shafin baya, mai almakashin ya yanke shi, ya tafi da layi ukun da ke ɗaya gefen. A saman shafin baya maganar ta ci gaba: "Yanzu ka sani. Kada ka sake rubuto mini." Ta yi shekara arba'in bayan haka a raye, ba ta sake buga ko layi ɗaya ba.

To, layi ukun nan su Del yake nema. Lissafinsa mai sauƙi ne: an yanke sa hannun ne don a manna, saboda haka yana nan a wani kundi, fuskarsa sama, amsar tana ƙasa cikin gam. Ya zana siffar tagar a ɗan kwali ya yanke, har da kusurwar da almakashin ya goce ya karkace, yana yawo da shi a walat inda wasu ke sa hoton jikoki. Shekara da shekaru abin nishaɗi ne, muna tsokanarsa yana dariya. In ya shigo zaure sai a ce masa, ya labarin budurwarka, ta yi magana kuwa? Ya ce tana nan tana jan aji.

Dariyar ta ƙare a bazarar da ya cika saba'in da huɗu. Ya je Cleveland ganin likitan ido ya dawo shiru. Sai da na matsa masa ya ce tsakiyar idonsa na hagu ta mutu, in ya kalli fuskata yana ganin kunnuwana da gashina, tsakiyar kuwa baƙin tabo. Na dama ma ya kama hanya, likitan ya ce wataƙila shekara, wataƙila ƙasa da haka. Irene ta rasu shekara biyu kafin nan. 'Yarsu tana Toledo tana ta maganar ya sayar da gidan ya koma kusa da ita.

Daga nan Del ya zama wani mutum, kuma ban ji daɗin mutumin ba. Ya rubuta wa duk dillalin takarda da ya taɓa jin sunansa, da manyan haruffa kamar na ɗan aji ɗaya. Ya sa cigiya a jaridar masu tara kayan da. Yana buga wa ɗakunan karatu waya har suka gane muryarsa suka fara cewa mai kula da wurin ya fita. Aka karɓe masa lasin tuƙi bayan ya hau kan akwatin wasiƙun maƙwabcinsa, shi da ya yi rayuwarsa yana buɗe su. Sai tuƙin ya dawo kaina. Ban yi don Allah kaɗai ba, in faɗi gaskiya, na yi ne don na kasa kallonsa a tashar bas da gilashin ƙara girman rubutu a rataye a wuya.

Mun buɗe kundi ya fi saba'in a wannan shekarar. Mun shiga ɗakunan ƙasa masu warin ruma, mun hau silin mutane, mun sha gahawar gidajen mai har cikina ya lalace. Yakan durƙusa ya kai hancinsa kusan jikin takarda, ya karkata kai don ya kalla da gefen ido, yana bin sunaye ɗaya-ɗaya. Janar-janar, limaman coci, mawaƙan da ba wanda ya sani. In ya kai shafin ƙarshe sai ya rufe a hankali ya gode wa masu gida. Sau ɗaya, a hanyar dawowa daga Zanesville, na ce masa ya haƙura haka, matar nan ta ce ba ta faɗa wa kowa ba, wataƙila ba ta so mu sani. Ya juya mini ƙeya har muka iso gida, mil ɗari da wani abu.

A watan Oktoba wata mata mai shirya gwanjo ta kira daga Meadville. Za a sayar da kayan gidan wata tsohuwa, jikar wani likitan haƙori, akwai kundin sa hannu a ciki, kuma ta ga kamar sunan da ke cikin cigiyar. Del ya roƙe ta ta ajiye masa. Ta ce ba a yin haka, kowa ya zo ya karɓi lamba a ƙofa.

Mun isa bakwai saura na safe, muka sami lamba talatin da ɗaya. Goma-goma ake shiga. Ina tsaye ina kallon Gary Stroup, dillali daga Erie, da lamba huɗu a hannu, na san mun kaɗe. Gary ba mugu ba ne, amma sana'arsa ke nan: ya sayi kundi ya farke shi, ya sa kowane suna a firam da hoto ya sayar wa lauyoyi su rataye a ofis. Minti goma bai yi ba ya fito da kundin a hammata.

Del ya tare shi a kan ciyawar ƙofar gida, gaban mutane. Gary ya buɗe masa don tausayi. A shafi na tara ga ta nan, tsakanin wani sanata da wani mai wa'azi. Del ya ciro ɗan kwalinsa ya ɗora, ya zauna daidai, har karkatacciyar kusurwar. Sai Del ya zube a jiƙaƙƙiyar ciyawa da wandonsa na coci.

"Tashi mana, tsoho, kana ba ni kunya," in ji Gary. "Wace ce ma wannan? Ko kyauta aka ba ni sunanta ba zan ɓata firam ba."

"To ba ni shafin."

"Shafin akwai sanata a jiki. Kuma yanzu na ga yadda kake so, ai ka san yadda abin yake."

Del yana da wasiƙa ɗaya tak da kowa a zaure ke haɗiyar yawu a kanta, ta wani babban marubuci da ake karanta littafinsa a makarantu, shafi huɗu yana zagin mai buga masa littafi. Wasiƙar ce 'yarsa ke sa ran za ta riƙe shi in ya tsufa. Na taka masa ƙafa, na yi masa ido, na manta ba ya gani. Ya miƙe, a tsaye a wurin ya ce ya ba Gary ita a bakin kundin. Shi kansa Gary sai da ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata.

Mun haska fitila ta bayan shafin tun a mota. Kwalin kundin mai kauri ne, ko inuwar rubutu ba a gani. Washegari muka kai wa wata mata mai gyaran tsofaffin takardu a ɗakin karatun wata jami'a. Ta duba da kyau, ta ce aiki ne mai yiwuwa, amma a hankali ake yi, ana fere kwalin ta baya kaɗan-kaɗan, kuma akwai aiki a gabanta har watan Afrilu. Del ya gaya mata zancen idonsa. Ta ce ta ji, ta yi haƙuri, za ta gwada ta matso da shi Fabrairu. Ta bi mu har ƙofa tana cewa kada mu taɓa shi da kanmu.

Sati biyu ya daure. Wata ranar Lahadi bayan coci na biya in kai masa miya, na same shi a kicin da kundin a buɗe, rana ta cika tagar. Ya ce da safen nan ya ɗauki jarida ya kasa karanta manyan haruffan kai.

Na ce to mene ne, in Afrilu ta yi ni zan karanta masa, bakina bai mutu ba.

"Lorna, shekara talatin nake kallon hannun matar nan. Na san ranar da take fushi, na san ranar da sanyi ya kama mata yatsu. Ba labari nake so a ba ni ba. So nake in gani."

Na ce matar jami'a ta ce kada mu taɓa.

"Kan sarki nawa kika ɗaga daga takarda a rayuwarki?"

"Ban ƙirga ba."

"Nawa kika lalata?"

A nan ya kama ni, don ya san inda girman kaina yake. Tun ina 'yar shekara tara nake jiƙa kan sarki, kuma duk zauren nan babu mai hannuna. Na tsaya ina kallonsa, ya karkata kai yana nemana da gefen ido kamar kaza, gemu ya fito masa bai sani ba. Tausayi da fushi suka haɗu mini, na cire kot na ce ya miƙo farantin gashin nama.

Kada a ce ban yi hankali ba, na yi. Na ga tawadar shunayya ce, kuma duk mai kan sarki ya san launin nan ba ya shiri da ruwa. Irin wannan ba a nutsa shi. Ana yanko takardar da yake manne a kai, a ɗora ta a saman ruwa mai ɗumi-ɗumi tana iyo, fuska sama, ruwan ya ratso ta ƙasa ya narkar da gam, fuskar ko ɗigo ba zai taɓa ta ba. Na yi haka sau dubu. Na sa almakashi na zagaye sa hannun, Del yana runtse ido da jin ƙarar, na ɗora kwalin a kan ruwan a hankali. Sunanta yana sama a bushe, tsaf. Har na ji daɗin kaina.

Muka zauna muna jira. Yana ta magana, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce shi a ganinsa wani ta saka a littafin, wani na gida, ta ji tsoro. Irene kuma da ranta ta rantse mutuwa ce aka yi wa Lavinia. Ya ce yau za a san wanda ya ci gardama, saura ya ga yadda zai isar wa Irene da saƙon.

Wajen minti ashirin na leƙa farantin. Wani siririn zare mai launin shunayya yana fitowa daga ƙarƙashin kwalin yana bazuwa cikin ruwa.

A lokacin ne kaina ya yi aiki, bayan ya makara. Kan sarki ba shi da komai a baya. Duk dabarar da na iya ta kare fuska ce, bayan kuwa ruwa ya yi yadda ya ga dama da shi. Na kare sa hannun, na tura ruwa kai tsaye kan layi ukun. Abin da mai almakashin ya yi shekara ɗari da suka wuce, shi na sake yi, ni da nake zaginsa.

Na fizgo shi da hantsaki, takardar ta rabu da kwalin ba gardama, na kifa ta a kan tawul. Layukan suna nan, uku, sun kumbura suna shiga juna. Tabarauna yana rataye a ƙirjina. Kafin in laluba in sa shi, na biyu da na uku sun zama tabo ɗaya. Na farko na kama farkonsa, ina kallo sauran ya narke.

Del ya ji motsina ya miƙe. Ya sunkuya da gilashinsa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya daɗe a haka. Ya ɗauka idonsa ne.

"Ba na gani, Lorna. Ya riga ya tafi. Karanta mini kawai, na haƙura. Me ta ce?"

Na yi niyyar yi masa ƙarya, wallahi na yi. Amma mutumin da ya haddace wasiƙun mace ɗaya kaf, ba ni ce zan ƙirƙiro masa maganarta ya yarda ba. Na gaya masa ba idonsa ba ne. Na gaya masa abin da na yi. Na ce kalma uku na gani: "Tun ranar da."

Ya maimaita su a hankali. Ya tambaye ni ko akwai wani harafi bayan su, ko dogo ne ko gajere. Na ce ban sani ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce in zubar da ruwan kada kyanwa ta sha.

Kafin Kirsimeti 'yarsa ta zo ta kwashe shi zuwa Toledo. Wasiƙun suna cikin kwalaye a garejinta, ta ce za ta nemi inda za a karɓa. Ni na daina jiƙa kan sarki, in aka kawo a kan takarda haka nake sayarwa. Duk ranar Lahadi bayan coci wayata tana ƙara, 'yarsa ce ke danna masa lambar. Yakan tambayi zaure, wa ya zo, wa ya mutu, Gary yana nan da halinsa. Sai ya ce wai mutum yakan ga abu bai san ya gani ba, daga baya ya faɗo masa yana wanke-wanke ko yana tuƙi. Ya ce kada in takura wa kaina, amma ko wani abu ya dawo mini a satin nan.

Nakan ce masa tukuna. Yakan ce ba komai, zai sake kira.